Jirgi a Kan Buhunan Gero

"Lahiya lau, bawana. Ya iyali? Ya zahi? Ya kuma tsuhwa?"

"Tsuhwa ai tana Bunguɗu," in ji Arzika, ko ɗagowa bai yi ba. "Au, ashe ma ga ta nan ta iso da kwando bisa kai. Sannu da hanya, baiwata."

Tambaya ta sauke kwandon a inuwar darbejiya, ta gyara mayafi, sannan ta riƙe ƙugu tana kallon abin da ya cika filin aikin. Ita 'yar goggonsa ce, shi ɗan kawunta, taubasai ke nan, kuma tun suna yara ba su taɓa gaisawa an rabu ba a tsokani juna ba. Fura take yi a Bunguɗu, furar da direbobin hanyar Sakkwato ke taka birki dominta. Shi kuwa kafinta ne a Tudun Wada ta Gusau, mai haɗa bodin manyan motoci, irin mutumin da in ka yabi aikinsa zai ce maka ka makara. Watan Cika-ciki ne, lokacin da taubashi ke bin taubashinsa shara, 'yar kyautar nan ta wasa ta shekara-shekara, kuma abin da ya kawo ta ke nan. Sai dai yau ba bodin mota ta tarar ba. Jirgin ruwa ta tarar, fari, na faiba, wato irin robar nan mai tauri, mai dogayen ciki biyu a jere da dandamali a tsakaninsu. Bayansa a wangale yake babu katako, kuma yana kwance a kan buhuna.

"Arzika, wanga kuma mi ne ne?"

"Jirgi ne, in idonki na aiki."

"Jirgi? A Gusau? Ina ruwan? Kai da randar gidanka sai 'yan garuwa sun ji tausayinta."

"Na Alhaji Sahabi ne. Can dam ɗin Bakolori shika ɗaukar mutane da kaya. Katakon baya, inda aka ɗaura inji, shi ne ruwa yac ci har ya ruɓe. Anka duba jihar ga kaf, anka rasa mai iya sake shi sai ni."

"Anka duba kaf anka rasa mai araha sai kai."

"Ki tambaya tasha."

Da ta tambaya da ta ji, domin maganar ta zaga gari. Ranar da tirela ta sauke jirgin a tashar mota, kowa cewa yake Alhaji ya wuce da shi Yawuri, wai babu wanda ya san kan jirgi a Zamfara. Abin ya sosa wa Arzika rai ƙwarai. Ya miƙe a gaban direbobi da makanikai ya ce yanzu da aka ba mu jiharmu, ba za a riƙa kai gyaranmu gidan wasu ba. Ya ƙara da cewa in jirgin nan ya koma ruwa yana tafiya a karkace, shi da hannunsa zai rataye zartonsa a ƙofar tasha ya bar sana'a. Mutane da yawa sun shaida, kuma a cikinsu akwai masu jiran ranar.

Tambaya ta zagaya jirgin tana taɓe baki. "Ciki biyu. Ashe da gangan anka kawo maka shi, an ga kun yi kama. Kai ma ranar suna da ciki biyu kaka zuwa."

"Ni da nika ciyar da ke tun kina tatata?"

"Kai da uwata ta yaye da kunun gidanmu? Tau hwaɗa mani, mi ya sa kab baje shi bisa buhuna kamar mai jego? Ba ka da jak? Ko an karɓe shi jingina?"

Nan ta taɓo inda yake so. Arzika ya ajiye guduma, ya gyara hula, ya yi gyaran murya irin ta mai shirin wa'azi.

"Haka makanikan tasha sunka ce. A sa jak tsakiya a ɗaga, kamar mota. Tsakiyar nan dandamali ce kawai, ba ta da ƙarhin ɗaukar ciki biyu suna rataye. Kina ɗagawa ta tsage. Kowane ciki shi ka ɗaukar nauyin kainai, ta ƙashin ƙasa, daidai inda haƙarƙari yake ciki. Nan nika sa matashi, gaba da tsakiya da baya, hagu da dama."

"Sai ka sa bulo mana."

"Bulo bisa faiba? Shi huda ciki? Buhu shi ka bin jikin jirgi shi rungume shi."

"Oho. Jirgin Alhaji runguma yake so."

"Saurara ki ƙaru. Katakon nan na baya da nic cire, shi ne ya riƙe cikkunan biyu wuri ɗai. Da an cire shi kowane na son kama gabanai. Shi ya sa kin ga gungumen can da nig gicciya bisa na ɗaure su. In kuma ɗai ya sauka ƙasa da ɗan'uwanai, ko da kaurin yatsa ne, jikin ya murɗe. Ka liƙa sabon katako a haka, gam ya bushe, shi ke nan, jirgi ya tahi a karkace har ranar da za shi nutse."

"Kamar tahiyarka."

"Zo ki ga abin da ba a da shi Bunguɗu."

Ya ja ta bayan jirgin ya nuna mata wata doguwar tiyo mai haske cike da ruwa. Ya ɗaure bakinta ɗaya a kusurwar cikin hagu, ɗaya a ta dama, ya ja layin gawayi a jikin kowanne. Ruwan yana tsaye cak a kan layin nan da can. Ya buga ƙirji ya ce mutum na iya yi maka ƙarya, ido ma na iya yi maka, amma ruwa a tiyo bai san Alhaji ba, bai san talaka ba.

Tambaya ba tiyo take kallo ba. Ta durƙusa ta danna buhun da ke ƙarƙashin kusurwar hagu, ta murza shi da yatsa, ta kai hanci.

"Arzika. Wanga ba yashi ba ne."

"Wa ya ce miki yashi ne?"

"Gero ne!"

"Na gonata ta Magami. Mai tipa ya yi ta yi mani gobe, gobe, ni ko ga buhunana an kawo za ni kai kasuwa. Jirgin Alhaji bisa geron Arzika. Wa kika sani garin ga da zai iya shimfiɗa ma baƙo irin wagga katihwa?"

"Kana da gero har na yi ma jirgi matashi, ni ko na taho tun daga Bunguɗu cikin rana. Tau ba ni sharata."

"Mai zuwa karɓa dai shi ne bawa."

"Mai biya shi ne bawa. Ka taɓa ganin sarki ya kai haraji?"

"Ko ƙwaya ba ta hita nan sai jirgi ya tashi. Ki dawo bayan Sallah."

"Wace Sallah? Yanzu munka gama layya!"

"Tau, ta baɗi."

Ya yi dariyarsa mai ƙarfi, ya shige rumfar kaya don ya fito da sabon katakon. Katako ne mai kauri wanda ba ya jin ruwa, Alhaji ya sa aka kawo shi tun daga Sapele, kuma guda ɗaya ne tak, ba shi da na biyu. Arzika ya riga ya auna, ya sake aunawa, ya yanke shi daidai bakin jirgin, ya lulluɓe shi da tabarma kamar mai ɓoyon dukiya.

To, abin da Arzika ya manta a cikin alfaharinsa shi ne, taubashiya ba ta roƙo sau biyu. Abin da hannunta ya kai kansa a gidan ɗan kawunta nata ne, ko gaban alƙali aka je dariya za a yi. Yana ba da baya Tambaya ta zaro 'yar wuƙarta ta warware bakin buhun nan na kusurwar hagu. Da nauyin jirgi a kansa, geron ma kamar jira yake. Ta cika ƙwarya ta juye a zani, ta sake cikawa, ta ɗaure ƙullin ta tura ƙasan kwando. Ta soke bakin buhun da tsinke sama-sama, ta koma inuwa ta zauna tana fifita da gefen mayafi. Tsinken bai riƙe komai ba, gero ya ci gaba da tsiyaya a hankali ta ƙarƙashi.

Can sai ga Arzika ya turo katakon a baro, yana haki.

"Taso ki kama can."

"Ni? Ɗiyar gidan sarauta?"

"Sarautar ludayi. Kama, kada ki bari shi taɓa ƙasa. Ya hi ki tsada."

"Kai ma ya hi ka kyau."

Suka ɗaga tare, suka kai shi bakin jirgin don gwaji kafin a shafa gam. Gefen dama ya shiga ya zauna. Gefen hagu ya ƙi. Ta sama ya bar rata har yatsa na shiga, ta ƙasa kuma ya cije. Arzika ya buga da tafin hannu, ya sauke, ya juya, ya sake ɗorawa. Ratar tana nan, ta ma ƙara buɗewa kaɗan.

"A'a," in ji Tambaya. "Babban kahinta na jihar Zamfara. Ko tef ɗin awon naka ma tsuhwa ta kama shi?"

"Yi shiru."

"In tai tasha in share inda za a rataye zarton? In kahwa ƙusa?"

"Na ce ki yi shiru, Tambaya."

Ba ya kiran sunanta haka kawai sai abu ya kai abu. Gumi ya jiƙa masa wuyan riga. Gaskiya tsoro ya kama shi, tsoro na sosai, domin a ransa ya gama yarda cewa shi ne ya kuskure awo, shi da ya yi shekara da shekaru bai ɓata katakon kowa ba. Fuskokin mutanen tasha suka yi ta zuwar masa ɗaya bayan ɗaya. Tiyon da ya gama yabo tana nan a ɗaure kusa da gwiwarsa, amma ko kallonta bai yi ba, tunda shi da kansa ya daidaita jirgin, kuma a ganinsa abin da ya daidaita ba ya motsi. Ya jingine katakon a kan benci, ya ja layi da fensir a gefen da ya cije, ya ɗauko zarto.

"Mi za ka yi?"

"In rage mai kaɗan shi shiga."

"In ka rage, ana iya maida shi?"

"Ba a maidawa."

Tambaya ta dubi buhun hagu. Ya lotsa kamar kuncin tsohuwa. Ta dubi zarton da ya riga ya ɗora haƙoransa a kan layin fensir. Sai ta yi wuf ta fizge shi daga hannunsa, ta koma gindin darbejiya, ta shimfiɗa shi a ƙasa ta zauna daram a kai.

"Na karɓi sharata."

"Ke! Ba ni zartona!"

"Wane naka? Na Tambaya dai. Ka hana gero, na ɗauki ƙarhe."

"Wallahi ba lokacin wasa ba ne!"

"Watan wasa ne kuwa. Zo ka ɗaga ni in ka isa. In kira unguwa su ga ɗan kawu na kokawa da ɗiyar goggo kan shara."

Arzika ya yi tsaye yana huci. Ba shi da yadda zai yi da ita, duk duniya ta san ba a ƙwatar abu da ƙarfi a hannun taubashiya. Ya juya zai shiga rumfa ya nemo tsohon zartonsa, sai ta ɗaga murya.

"Kahin ka tai, kajin nan naka biki suka yi? Ban ga an gayyace ni ba."

Ya waiga. Kajin gidansa duka, har da na maƙwabta, sun taru a ƙarƙashin kusurwar hagu suna tsattsaga ba ji ba gani. Ya durƙusa ya kore su. Ga gero a ƙasa tuli, ga bakin buhu a warware da tsinke a rataye. A hankali ya ɗaga kai ya dubi tiyo. Ruwan ya haye layin gawayi a hagu, ya sauka ƙasa da shi a dama. Jirgin ne ya murɗe, awonsa lafiya lau yake. Wani sanyi ya ratsa shi har tafin ƙafa, ya ce alhamdu lillahi a ransa, sannan fushin ya biyo baya.

"Tambaya! Ke kika buɗe buhun ga!"

"Ni? Kaji dai."

"Kaji na da wuƙa? Kaji na soka tsinke?"

"Kajin Gusau wayayyu ne, babban birnin jiha suke."

"Kin kusa kashe ni da raina!"

"Jarrabawa niy yi maka. Kai kac ce ruwa ba shi ƙarya, sai ga shi kana da mai gaskiya ɗaure ga gwiwarka, ka tai kana shawara da zarto. Da ban zo ba yau da katakon Sapele ya zama kujerar tsugunno."

"Da ba ki zo ba da yanzu gam na bushewa!"

"Da ɓera ya zo da dare hwa? Shi ma sai ka ce mai taubashi? Wa ka yi ma jirgi matashi da abinci in ba mai son a ce yana da gero ba?"

Wannan ta shige shi, domin gaskiya ce, amma bai nuna ba. Ya jawo jak ɗin mota, ya ɗora faffaɗan katako da tsumma a kansa, ya saita shi a ƙarƙashin ƙashin cikin hagu, daidai haƙarƙari, kusa da buhun da ya lotsa.

"Taso ki duba mani ruwan. In ya kai layi ki ce."

"Roƙo kake ko umurni?"

"Roƙo."

"Ban ji ba."

"Roƙo nike, ranki shi daɗe!"

Ta tashi da zarton a hammata, ta tsuguna gaban tiyo ta ƙanƙance ido. Wadda ta ƙare rayuwarta tana shafe bakin mudu ba a koya mata ganin daidai. Yana danna jak, jirgin yana ɗan kuka, ruwan yana saukowa.

"Ƙara. Ƙara kaɗan. Kai, a hankali, ba tirela ba ce. Tsaya! Ka wuce. Sassauta. Yawwa, nan."

Ya zagaya dama ya duba da idonsa. Ruwa a kan layi, nan da can. Saura a cika buhun ya karɓi nauyin, don ba a barin jirgi a kan jak. Ya tattara na ƙasa ya mayar, amma buhun bai ko kusa cika ba. Ya dubi kwandonta, ta dubi sama.

"Tambaya, maido geron."

"Abin da taubashiya ta ɗauka ba shi komawa. Kai ma ka sani."

"Na sani."

"Amma ina iya ba jirgin Alhaji aro. Shi bai yi mani laihi ba."

Ta kwance ƙullin ta juye a buhun, ta danna da gwiwa har ya yi tauri, ta zaro basilla da zare daga kwando ta ɗinke bakin, ɗinkin da ko ɓera sai ya yi shawara. Arzika ya sassauta jak a hankali. Buhu ya karɓi ciki, ruwa bai motsa ba. Suka sake ɗaga katakon tare, suka kai shi bakin jirgin. Ya shige ya zauna ta kowane gefe, ko takarda ba za ta ratsa ba. Arzika ya shafa gefen da ya ja wa layin fensir, ya goge layin da babban yatsa, ya daɗe yana shafawa.

"Tau," in ji Tambaya. "Yanzu jirgin na bisa gerona. In na ga dama in zare."

"Mi kika so?"

"Ran da jirgi ya tashi, buhun ga nawa ne. Kai za ka kai shi Bunguɗu, kuma daga bakin titi har ƙohwar gidana bisa kanka za ka ɗauko shi, da rana, mutane na gani."

"Na yarda."

"Sannan ka hwaɗi wane ne bawa."

Arzika ya dubi katakon, ya dubi tiyo, ya dubi matar nan da ke riƙe da zartonsa kamar sandar sarauta. Dariya ta ƙwace masa har ya dafa jirgin, sai kuma ya yi maza ya janye hannu kada ya motsa shi.

"Yau ɗai, ni ne."

"Ɗaga murya, kaji ba su ji ba."

"Ni ne bawan, Tambaya!"

Sai ta buɗe can ƙasan kwandon ta fito da ƙwarya rufe da faifai. Fura ce da nono, damammiya, wadda ta taho masa da ita tun daga gida ta ƙi nunawa. Ta ajiye a gabansa, ta ɗora zarton a kan faifan.

"Sha, ka shahwa gam ɗinka tun kaji ba su dawo ba. Zarton ga kuwa ka riƙe shi da kyau. Muddin ina numhwashi ba a rataye shi ƙohwar tasha. In za a raba ka da shi, ni ɗai ke da wagga damar, kuma baɗi ina nan tahe."